Tambaya da Amsa: Tanadin Karatun Ƴaƴa Bayan Bak

Tun da sakamakon jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare a Nijar, ya fito, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka karkata ga magana ɗaya, wato yadda iyaye za su ɗauki nauyin karatun ƴaƴansu a jami'a. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita su, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da kayan masarufi a babbar kasuwar Maraɗi, gidana yana unguwar Zariya. Ƴaƴana huɗu suna makarantar boko. Babban zai shiga aji na biyu na kolej, autar kuwa bana za ta fara firamare. Ɗan maƙwabcina ya ci bak aka tura shi Yamai, sai da uban ya sayar da babur da sa guda kafin yaron ya zauna. Nawa ya kamata in tanada, kuma ta wace hanya?

AMSA: Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Da za ka zauna da maƙwabcin naka ku bi diddigin inda kuɗin babur da na bijimin suka shiga, za ka tarar kuɗin rajista ne mafi ƙanƙanta a ciki, domin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar wani abu mai yawa daga ɗan ƙasa a matakin digiri na farko. Abin da ke karya uba shi ne zaman yaron a garin da ba nasu ba: hayar ɗaki, ci da sha, kuɗin mota zuwa da dawowa, kwafin darussa, kuɗin waya da intanet, magani idan zazzaɓi ya kama shi, sannan kwamfuta idan aka kai shekarar rubuta kundin kammalawa. Akwai ɗakunan kwana da gidan cin abinci masu rahusa a jami'o'in, amma gadajen ba sa isar ɗaliban, kuma sabon shiga shi ne ya fi rasawa.

Saboda haka, kafin a yi maganar nawa, sai an san inda yaron zai yi karatun, kuma fannin da ya bi a lise ne ke yanke wannan hukunci tun kafin uba ya farga. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta nan Maraɗi, wadda aka kafa a 2010 tare da ta Damagaram da ta Tawa, ta fi ƙarfi a kimiyya da fasaha, da aikin gona da muhalli, da kiwon lafiya. Yaron da ya ci bak ta fannin C ko D yana iya samun gurbi a nan, ya kwana a ɗakin gidanku, ya ci tuwon mahaifiyarsa, abin da za ka kashe bai wuce na adaidaita da takardu ba. Wanda ya bi fannin A kuwa, yana son shari'a ko adabi ko tarihi, galibi sai ya nufi Tawa ko Damagaram, ko Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, wadda ke nesa da mu da fiye da kilomita 600. Ban ce ka tilasta wa yaro kimiyya don gudun haya ba, domin wanda aka cusa a fannin da ba ya so yakan maimaita aji har asarar ta fi ta haya. Ina so dai ka san cewa zaɓin da za a yi a ƙarshen kolej yana da hannu a aljihunka.

Yanzu ga lissafi, kuma misali ne, kai za ka gyara shi da farashin da ka sani. Mu ƙaddara ɗalibi a wani gari yana buƙatar jaka 40, wato sefa dubu 40, a wata, wata 10 a shekara. Digiri na farko shekara 3 ne a takarda, amma duk wanda ya san jami'o'inmu ya san yajin aiki da jinkiri sukan sa shekarar karatu ta shiga cikin wata, don haka ka lissafa 4. Jimla ta kama sefa miliyan 1 da jaka 600. Autarka tana da shekara 13 a gabanta, 6 a firamare, 4 a kolej, 3 a lise, wato wata 156. Jaka 10 a kowane wata zai ba ka miliyan 1 da jaka 560, ka kusa cika ke nan. Babban kuwa saura masa shekara 6, wata 72, sai ka riƙa ware sama da jaka 22 kafin ka kai adadi ɗaya. Wanda ya jira sai ɗansa ya shiga lise, wata 36 kaɗai ya rage masa, zai nemi sama da jaka 44 a wata, daidai lokacin da kuɗin darasin ƙari da na takardun jarrabawa suka taso. Shi ya sa aka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kuma likitanci yaron ya samu, sai ka ninka, don ba ya kasa shekara 7.

Kada adadin ya firgita ka. Ba dole ne ka tara dukkansa kafin ranar ba, tunda in Allah ya yarda kana kan sana'arka yayin da yaron ke karatu. Idan ka tara rabi, ka riga ka tsira daga sayar da jari. Abin da ban yarda ka saka a lissafi ba shi ne alawus ɗin gwamnati. Hukumar ANAB mai kula da tallafin karatu tana ba da shi bisa sharuɗɗan maki da shekarun haihuwa, ba kowa ke samu ba, kuma waɗanda suka samu ma sun sha jiran watanni kafin a biya, har ta kai ɗalibai ga zanga-zanga ba sau ɗaya ba. Mai gidan haya kuwa ba ya jiran baitulmali. Idan alawus ya zo, a sayi kwamfuta da littattafai da shi.

Game da hanya, ɗan kasuwa yana da jarrabawar da ma'aikaci ba shi da ita, domin duk kuɗin da ke kusa da shi jari ne a idonsa. Ranar da aka ce sukari ya sauka a Jibiya, kuɗin makarantar auta zai shiga mota, da niyyar a mayar bayan an sayar, kuma ba kasafai ake mayarwa ba. Ka raba tanadin gida biyu. Na babban, wanda lokacinsa ya kusa, ya zauna a matsayin kuɗi a asusun ajiya na dabam, wanda ba a haɗa shi da wayarka ba, yadda cire shi zai buƙaci ka tashi ka je ka bi layi. Na ƙananan, masu sauran lokaci, a mai da shi kadara. Fili yana da kyau muddin takardar mallakarsa ta fito daga ma'aikatar magajin gari kuma ka je ka tabbatar ba a sayar wa wani ba, sai dai ba a yankar fili a biya hayar wata ɗaya, kuma mai sayarwa cikin gaggawa ba ya samun farashi. Wake da gero da aka saya da kaka suna da wata fa'ida ta lokaci, domin farashinsu yakan hau tsakanin Yuni da Agusta, daidai sa'ar da sakamakon bak ke fitowa ana neman kuɗin tafiya. Wake yana zama lafiya a buhun PICS mai leda biyu a ciki ba tare da an zuba masa magani ba. Amma ba kowace shekara ce tiya ke tashi ba: a watan Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi waje, in ban da Mali da Burkina Faso, kuma irin wannan mataki yana iya barin mai ajiya da buhuna ba riba. Kada ka zuba duka a nan.

TAMBAYA: Ni matar aure ce a Tibiri, ina ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma ina cikin asusun mata na unguwarmu. Ƴata tana aji biyar na firamare, kullum ita ke zuwa ta ɗaya ko ta biyu. Ina so in fara tara mata, amma maigida ya ce wahalar banza ce, tunda aure za ta yi. Kuma duk shekara idan aka fasa asusu, kuɗin ba ya kwana biyu a hannuna.

AMSA: Uwargida, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya ta. Asusun da kike ciki abin alfahari ne ga wannan jiha, domin tsarin Mata Masu Dubara a nan yankin Maraɗi aka fara shi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Yana koya wa mutum zubi a kan lokaci, yana ba da rance ba tare da an je banki ba. Rauninsa ga mai dogon buri shi ne wanda kika faɗa da bakinki: ana fasa shi duk shekara, kuɗin ya zo a dunƙule, kowa a gida da dangi ya san ranar, sai suna da biki da rancen da ba a iya hanawa su taso a mako guda.

Maganin wannan shi ne kada kuɗin ya kwana a matsayin kuɗi. Tun kafin ranar rabo ki yi magana da wanda kika amince da shi, washegari a je kasuwa a sayo jar akuya budurwa, ki kira ta da sunan yarinyar a gaban mutanen gida. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna wajen yawan haihuwa, cikinta wata 5 ne, kuma tagwaye ba baƙon abu ba ne a wurinta. Ki riƙe matan, ki sayar da bunsuran don harawa da dusa da littattafan shekara, yadda garken zai ciyar da kansa. Ƴarki tana da sauran shekara 8 ko 9 kafin bak, wanda ya isa akuya biyu su zama abin da za a kira dukiya. Akwai sharaɗi biyu: kada allurar rigakafin da ma'aikatan dabbobi ke zagayawa da ita kowace shekara ta wuce ki, domin annoba ɗaya tana share turke cikin kwanaki, kuma idan sun yi yawan da gida ba zai ɗauka ba, ki rage ki mai da kuɗin ɗan kunne ko zoben zinariya, wanda ba ya cin dusa, ba ya mutuwa, sai dai a kiyaye shi daga ɓarawo. Ragon turke don babbar salla yana kawo riba da sauri, amma ki tuna sallar tana matsowa da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, ba lallai ta dace da buɗe makaranta a Oktoba ba.

Maganar maigida kuwa, kada ki mai da ita gardama. Abin da kika samu da sana'arki naki ne a shari'a, kuma ba ki buƙatar faɗa kafin ki sayi akuya. Abin da kike buƙata a wurinsa shi ne yardar yarinyar ta ci gaba, wannan kuwa da lalama ake samunsa, ta bakin wanda yake jin nauyi, kamar yayansa ko limamin unguwa. A tuna masa cewa duk magidancin da ya kai iyalinsa asibiti haihuwa yana fatan mace ce za ta karɓe ta, kuma ungozomar nan da malamar jinya ƴaƴan wasu ne da aka bari suka yi karatu. Akwai kuma dokar da gwamnati ta fitar a watan Disamban 2017 don kare karatun ƴaƴa mata. Aure ba ya hana jami'a idan aka sa sharaɗin ci gaba da karatu tun wajen neman auren, a gaban waliyyai, ba bayan an ɗaura ba. Ni a ganina uwar da ta iya tara kayan ɗaki tun ƴarta tana goye ba ta buƙatar kowa ya koya mata dogon tanadi. Abin da ya rage shi ne ta raba abin da take tarawa, kada kwanoni da katifa su cinye rabon makaranta.

TAMBAYA: Ni ma'aikacin gwamnati ne a unguwar Ali Ɗan Tsoho, albashina ta banki yake zuwa. Ina so in buɗe wa yarana asusun ajiya, amma ina tsoron kuɗin ruwa. Shin akwai zakka a kan irin wannan kuɗi? Kuma idan ta Allah ta kasance a kaina, yaran da na tara dominsu ne za su samu?

AMSA: Malam, tambayarka ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi, amma bari mu bi su a jere. A ƙasashen da ke amfani da sefa ta Afirka ta Yamma, asusun ajiya na banki yana ba da kashi 3.5 cikin 100 a shekara. Wanda ya zuba jaka 10 a wata na shekara 13 zai tarar da kusan miliyan 2 a maimakon miliyan 1 da jaka 560. Mafi yawan malamai suna ɗaukar wannan ƙari a matsayin riba haramtacciya, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana da mafita: akwai Bankin Musulunci na Nijar, akwai kuma damar ajiye kuɗin a asusun da ba ya haihuwa. Abin da ya fi ƙarin muhimmanci a wurinka shi ne ka rubuta wa bankin umarni na dindindin, ya riƙa cire adadin ranar da albashi ya shiga, kafin ka gan shi. Ka kuma sani cewa asusun lamunin ajiya na yankin yana biyan mai ajiya har sefa miliyan 1 da jaka 400 idan banki ya durƙushe, jaka 300 kuma a ƙananan cibiyoyin kuɗi da ke cikin tsarin. Idan tanadinka ya wuce haka, raba shi wuri biyu dabara ce.

Zakka tana hawa kan kuɗin idan ya kai nisabi kuma ya shekara, ɗaya cikin arba'in, ko da an ce na makaranta ne, kuma a mazhabar Malikiyya ko dukiyar ƙaramin yaro ce ana fitar mata. Awaki da tumaki sai sun kai 40.

Batun gado kuwa, niyyar da ke zuciyarka ba ta raba dukiya. Kuɗin da ke asusu da sunanka, ko da ka rubuta "na karatun wane" a littafinka, yana shiga cikin abin da za a raba wa dukan magada, har da manyan da suka riga suka gama karatu da kuɗinka. Wasiyya ba ta warware wannan, domin ba a yi wa magaji wasiyya sai sauran magada sun yarda. Hanyar da ta rage ita ce kyauta tun kana raye, kuma kyauta ba ta cika sai an karɓe ta. Littafin Risala ya bayyana cewa uba yana iya riƙe wa ƙaramin ɗansa abin da ya ba shi idan abu ne da ake gane shi da kansa, kamar fili ko dabba. Kuɗi tsaba kuwa ba ya cikin wannan, don haka ya fi aminci a buɗe asusun da sunan yaron, a kafa shaidu, a rubuta. Sannan ka kiyaye adalci tsakanin ƴaƴa, musamman idan ɗakuna biyu ne, domin hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi hani ga fifita ɗa guda da kyauta. Ka kai tsarin naka gaban malamin da ya san gado kafin ka sa hannu a kowace takarda.

TAMBAYA: Ina fataucin kaya tsakanin Ɗan Isa da Katsina, kuma rabin cinikina da naira ne. Burina ɗana ya yi jami'a a Kano ko Katsina don ya iya Ingilishi. In tara masa da naira tunda da ita zan biya?

AMSA: Alhaji, a'a, sai in saura watanni a biya. Kai ka fi ni sanin abin da ya faru a wurin ƴan canji: kafin Yunin 2023 dalar Amurka tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500, kuma kafin wannan sauya fasalin takardun naira ya bar mutanen kan iyaka da damin kuɗin da suka rasa inda za su kai. Sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, shi ya sa wanda ya riƙe ta ya wayi gari karatun Najeriya ya yi masa sauƙi. Wannan ba ya nufin sefa ba ta taɓa girgiza ba, domin a Janairun 1994 an zabge rabin darajarta a dare ɗaya, kuma ana ta maganar ƙasashen Sahel su yi kuɗinsu. Tanadin da zai wuce shekara 5, wani kaso nasa ya zauna a dabba ko zinariya ko fili.

Akwai abubuwan da ba na kuɗi ba da za ka shirya. Jami'o'in Najeriya suna neman sakamako mai kyau a darussa 5, har da Ingilishi da lissafi, kuma shiga tana bi ta JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, don haka mai bak yana buƙatar a daidaita takardarsa, galibi kuma sai ya yi watanni yana koyon Ingilishi, wanda shi ma kuɗi ne. Baƙo yakan biya fiye da ɗan ƙasa. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata 8, kuma rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya nuna cewa hanyar da ake bi da safe a dawo da yamma tana iya toshewa. Idan Ingilishi ne kaɗai dalilin, akwai jami'a mai zaman kanta ta Maryam Abacha a nan Maraɗi tun 2013. Ko can ko nan, ka je da ƙafarka ma'aikatar ilimi mai zurfi ka tambaya ko ana amincewa da takardar wannan fanni na wannan makaranta wajen ɗaukar aiki a Nijar, kafin ka biya ko dala ɗaya.

TAMBAYA: Ɗana ya ci bak da ƙyar, bai samu fannin da yake so ba. Wata makaranta mai zaman kanta ta karɓe shi, kuma ba ni da abin biya sai gonar gado da ke hanyar Madarunfa. In sayar?

AMSA: Baba, kada ka sayar. Gonar tana ciyar da gidan duka, har da ƙannensa da su ma za su zo wannan gaɓa, kuma kuɗinta zai iya ƙarewa kafin ya kai shekara ta uku. Ya karɓi gurbin da jami'ar gwamnati ta ba shi, ko ya nemi karatun sana'a na shekara 2 da ke kai wa ga takardar BTS, wanda ake iya ɗorawa a kansa daga baya idan hali ya samu. Idan dole sai gonar ta taimaka, a ba da hayar wani yanki nata na damina ɗaya ko biyu, da takarda da shaidu a gaban mai gari, a rubuta ranar da za ta dawo hannunka.